Ba Ta da Ta Cewa

Asabar, 6 ga Agusta, 2005. Ƙarfe biyar na yamma.

A rubuta, domin amfanin masu binciken tarihi da za su zo bayan ƙasa ta rufe mini ido, cewa yau aka gudanar da taron jin ra'ayin jama'ar Samaru da Sabon Gari a kan gyaran dokokin waya da intanet na duniya. Ni, Dominic Elias, tsohon malamin tarihi, mai shafin barkwanci na ranar Juma'a a jarida, kuma magatakardan Ƙungiyar Masu Amfani da Waya ta Samaru da Kewaye, ni aka ɗora wa wannan nauyi. Ƙungiyar tana da mambobi biyar. Biyu sun koma Kaduna.

Ga yadda abin yake. Wani kwamiti a ƙasar Turai, wanda sunansa ya ci layi biyu, yana so ya sabunta ƙa'idojin da muryar ɗan Adam take bi idan za ta ƙetare iyakar ƙasa. An daɗe ana zarginsu da kulle ƙofa su yanke hukunci, saboda haka bana suka sha alwashin komai a fili za a yi, kuma sai sun ji ta bakin talaka. Suka aiko da daftari mai shafi arba'in da takwas, ya bi ta Abuja, ya bi ta Kaduna, ya faɗo hannuna. Na karanta shi duka, ban da Sashe na Bakwai, wanda aka shafe da baƙar tawada daga sama har ƙasa, aka kuma rubuta a gefe cewa shi ma ana maraba da ra'ayi a kansa. Na karanta dokokin Rumawa da na Farisawa, ban taɓa cin karo da ladabi irin wannan ba.

Na ari aji ɗaya a firamare tun da ana hutu, na jera kujeru arba'in. Ƙarfe goma hadari ya haɗo daga wajen Shika. Sha ɗaya kwanon rufi yana ƙara kamar ana juye masa tsakuwa. Kuma yau ne auren 'yar Fasto, abin da ya kamata duk mai sa ranar taro ya tuna.

An yi taro cikin natsuwa. Ba a samu saɓani ko ɗaya ba. Ba wanda ya katse ni.

Lahadi, 7 ga Agusta. Ƙarfe huɗu na yamma.

Bayan sujada muka hau bas zuwa Sabon Gari, ni da maiɗakina Edith, kamar kowace Lahadi tun shekara uku da 'yarmu Peculiar ta tafi aikin jinya Ingila. A shagon Akunna muke kira. Tana da ɗan akurkin katako mai ƙofar gilashi, inda waya take bi ta intanet ta fita ƙasar waje. A Jushi aka haifi Akunna, Hausarta ta fi ta wasu da na koyar.

Tsarin mulkin akurkin nan ba ya canzawa. Ni nake fara karɓa, in gabatar da jawabin buɗewa na minti biyu a kan damina da halin ƙasa, sannan in miƙa wa Edith, ita kuma ta riƙe har kan wayar ya ɗumama. Cikin Peculiar wata takwas, na fari. Darasin yau a kan kunun kanwa ne, da yadda ake wankan jego a ƙasar da ba murhu.

A bas Edith ta ce, "Baban Peculiar, mutum nawa suka zo taron naka?"

Na ce, "Adadin da ya dace da yanayi."

"Takardar fa? Tun Laraba na ce ka ba ni in duba."

"Turancin lauyoyi ne, Maman Peculiar. Ciwon kai zai sa miki."

Ta dube ni, ta mai da fuska taga. Ya kamata in ambata, domin cikar tarihi, cewa Edith ta yi shekara ashirin da biyu tana haɗa layi a ɗakin waya na wata ma'aikata, da abin ji a kunne da igiyoyi a gabanta, kafin inji ya karɓe aikin. Amma aikin hannu daban, fahimtar doka daban.

Litinin, 8 ga Agusta. Ƙarfe biyu na rana.

Yau ake rufe karɓar rahoto. Na je shagon intanet na Callistus da ke bakin titin Samaru, na zauna a kwamfuta ta huɗu, wadda harafin "k" ɗinta yake bukatar a lallashe shi.

Wanda bai taɓa zama magatakarda ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Shekara talatin ina rubuta bayanin taro: na iyayen yara, na kwamitin ginin coci, na 'yan fansho. A duk waɗannan majalisu ba a taɓa jiran mutane su buɗe baki kafin a san abin da za su ce ba. Magatakarda nagari tun jajibiri yake rubutawa, a karanta, a ce an amince, a sha lemo. Wanda bai zo ba, na kusa da shi ya sa masa hannu. Wannan ba ƙarya ba ce. Sanin jama'a ne.

Fom ɗin yana son suna da abin da mai sunan ya ce, yana kuma alfahari da karɓar kowane harshe, sai na gwada shi da Hausa. Sunaye arba'in da ɗaya. Na samu taimako daga wata tsohuwar rajistar Zumuntar Mata ta cocinmu da na tsinta a kabad, sauran daga ƙwaƙwalwa. Akunna, alal misali, ta bayyana cewa "layi mai tsabta haƙƙin mai kira ne, ba alfarma ba." Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai. Wata baiwar Allah ta roƙi a bar mata layi a buɗe ko da yaushe, domin akwai waɗanda ba ta gama sallama da su ba. Ni kaina na samu sakin layi uku.

Da na iso suna na ƙarshe, wanda na fi kowane sani, basira ta ƙafe, wuta kuma ta ɗauke, Callistus yana ihu kowa ya aika abinsa kafin batir ya mutu. Na buga kalmomi biyar na aika.

Amsa ta dawo kafin in ɗauke yatsa: "Mun karɓi ra'ayin jama'arku. An fara aiki da shi."

Callistus ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Oga Malam, wane irin hannu ke gare ka? Layin nan ko hoton fasfo sai ya yi minti goma yana nishi."

Laraba, 10 ga Agusta. Da safe.

Ruwa. Kujerun nan arba'in suna nan a jere yadda na bar su. Na leƙa ta taga da zan wuce. Ban san dalilin da ya sa na gaishe su ba.

Lahadi, 14 ga Agusta. Ƙarfe biyar na yamma.

Na gabatar da jawabin buɗewa. Peculiar ta ji ni raɗau, har ta yi dariya a wurin da aka tanada domin dariya. Na miƙa wa Edith.

"Peculiar, 'yar albarka, ya nauyin jiki?"

Daga bakin ƙofar akurki ina jin muryar yarinyar tana fitowa siririya: "Halo? Baba? Ka ba Mama mana."

"Ni ce, Peculiar. Ga ni nan."

"Halo? Ba kowa ne?"

Na karɓa, ta ji ni. Na miƙa, shiru. Sau shida muka yi haka. Akunna ta canza kan waya, ta canza igiya, ta hura ramukan, ta bubbuga shi a tafin hannu, wanda shi ne ƙololuwar ilmin injiniya a Sabon Gari. Ta sa a kunnenta: "Peculiar, kina ji na?" Tana ji. Wani mai sayar da taya da yake jiran layi ya gwada, shi ma an ji shi, har an tambaye shi iyali. Edith kaɗai.

Akunna ta goge hannu a zaninta ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ban san abin da ya same shi ba. Layi mai tsabta haƙƙin mai kira ne, ba alfarma ba."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Ni ma ban san inda na samo shi ba, Baba. Haka kawai ya fito." Ta yi dariya, ta shafa wuyanta kamar wadda ta haɗiye ƙaya.

Akunna ba ta ga rahoton ba. Ba wanda ya gan shi.

Talata, 16 ga Agusta. Ƙarfe goma na safe.

Matsalar na'ura ce. Edith ta kira ƙanwarta a Kafanchan da wayar hannu, sun yi rabin awa suna gulmar surukin wani, ana jin ta sarai. Ke nan muryar tana aiki a cikin Najeriya. Iyaka ce ba ta ƙetarewa. Matsalar na'ura ce.

Alhamis, 18 ga Agusta. Ƙarfe uku na rana.

Domin in tabbatar wa duniya cewa laifin igiyoyin Akunna ne, na kai Edith wurin Callistus. Ya sa mata abin ji a kunne. Ta gyara shi da hannu ɗaya, ba ta ko duba ba, yadda ta yi shekara ashirin da biyu tana yi. A allon kwamfutar akwai wani ɗan koren layi da yake tsalle idan an yi magana. Na ce "gwaji," ya yi tsalle. Callistus ya yi tari, ya yi tsalle. Edith ta faɗi sunanta. Kafin a kira waje, ya yi tsalle. Da layi ya shiga Ingila, ta sake faɗa, ya kwanta kamar an shimfiɗa shi.

Callistus ya ce, "Mama, shekara huɗu ina wannan aiki, ban taɓa ganin kwamfuta ta tsani mutum ɗaya ba."

Edith ba ta yi dariya ba. Ta cire abin, ta naɗe igiyarsa tsaf, ta ce, "A zamaninmu layi ba ya mutuwa da kansa. In ka ga ya mutu wa mutum ɗaya, wani ne ya zare masa."

Ina da tari kwana biyun nan. Shi ya sa ban ce komai ba.

Lahadi, 21 ga Agusta. Ƙarfe shida na yamma.

Babu jawabin buɗewa yau. Ban samu dama ba.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. Mama tana raye?"

Na ce ga ta nan tsaye, hannunta a kafaɗata. Akunna ta karɓa ta rantse mata. Peculiar ta ce ai ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san yadda ake yi wa mai ciki. Kowa sai ya haɗa baki a ce lafiya lau har a sauka. Tana kuka, Edith tana jin kukan, tana cewa "Ga ni, ga ni, ga ni" a cikin kan waya, ni kuma ina kallon kalandar Akunna.

Can Peculiar ta tsagaita ta ce, "Baba, wace ce take waƙa a bayanku?"

Ba mai waƙa. Rediyo a kashe, janareta a kashe, ko mai taya bai zo ba yau.

"Waƙar Zumunta ce. In kun miƙa wa Mama sai ta fara. Muryar kamar ta Mama Clementina. Ku gaishe ta."

Clementina ita take ba da waƙa a Zumuntar Mata. Ita ta goyi Peculiar lokacin da Edith take zuwa aiki. Ta rasu a makon Ista. Ba mu gaya wa Peculiar ba, saboda cikin.

Muka hau bas muka koma gida.

Litinin, 22 ga Agusta. Ƙarfe bakwai na safe.

Na duba kwafin da na ajiye. Lamba ta goma sha bakwai, wadda ta roƙi a bar mata layi a buɗe, Clementina ce. Rajistar ta bara ce.

Laraba, 24 ga Agusta. Ƙarfe ɗaya na rana.

Ashe mutanen nan da gaske suke yi. Na ɗauka "komai a fili" irin tamu ce, wadda ake faɗa a rufe fayil. Kwamitin ya baza duk ra'ayoyin da aka aika masa a shafinsa na intanet, daga kowace ƙasa, suna da magana, ba a taɓa ko wasali ba. Sashe na Bakwai dai yana nan baƙi ƙirin. Nasu a rufe, namu a buɗe.

Callistus ya tare ni a titi yana murna. "Oga Malam, Samaru ta shiga duniya! Na buga, na manna a bango. Ashe ni ma na yi magana? Wallahi na burge kaina. Yaushe aka yi taron ne, ina ina?"

Na ce ranar ruwan nan ce, wataƙila sanyi ya sa ya manta.

Ɗalibai huɗu suna tsaye gaban takardar suna karantawa da ƙarfi. Shafi uku ne. Na ƙarshe yana daidai tsayin idon mace mai matsakaicin tsawo.

Alhamis, 25 ga Agusta. Ƙarfe biyu na rana.

An kawo mini abincin rana kamar kullum, kwano biyu a rufe. Na buɗe na miya, kuka ce. Na buɗe na tuwo, takarda ce a ninke huɗu, da alamar ƙusa a kusurwarta.

Edith tana zaune a kujerar ɗinki. Ta ce, "Karanta mini lamba ta arba'in da ɗaya."

Na ce tabarau ɗina yana ɗaki.

"Yana kan hancinka."

Na karanta. "Edith Dominic. Ba ta da ta cewa."

"Sake."

Na sake.

Ta ce, "Ka ba mai sayar da taya hikima. Ka ba Akunna. Ka tayar da Clementina daga kabari ka ba ta magana mai daɗi. Ni da na kwana na tashi a cikin waya tun kana yawo da alli a aljihu, ni da na roƙe ka takardar nan sau biyu, ni ce ba ni da ta cewa."

Na fara bayani a kan ɗaukewar wuta da matsin lokaci, da yadda hatta manyan majalisun tarihi sukan taƙaita. Ta ɗaga hannu.

"Baban Peculiar, saura mako uku yarinyar nan ta haihu, kuma tana zaton na mutu. Abin da ka zare, ka mayar."

Babu tuwo a ƙasan takardar. Na duba.

Juma'a, 26 ga Agusta. Ƙarfe sha biyu na rana.

Na rubuta wa kwamitin wasiƙa mai shafi biyu ina neman janye rahoton, cikin Turancin da ya taɓa sa wani sufeto ya miƙe tsaye. Amsa ta zo nan take, da Hausa, ko da yake ban yi musu Hausa ba wannan karon:

"Abin da jama'a suka faɗa ba ya janyuwa. Ana iya gyara shi sau ɗaya, kafin tara ga Satumba, idan jama'ar sun taru. Ana iya cire sunan wanda bai halarta ba. Sunan magatakarda ba ya ciruwa."

Shafina na yau a jarida a kan akuyar da ta shiga ofishin fansho ne. An ce ya ba da dariya.

Lahadi, 28 ga Agusta. Ƙarfe biyar na yamma.

Edith ta ce in gaya wa Peculiar ta yi tambaya, ita za ta amsa da farce. Dabarar masu haɗa layi ce idan murya ta ƙi wucewa: ƙwanƙwasa ɗaya i, biyu a'a. Farce ba murya ba ne, ya ƙetare.

Peculiar ta ce, "Kowa zai iya ƙwanƙwasawa. In Mama ce, sau nawa kika taɓa dukana tun da aka haife ni?"

Edith ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ta jira. Ta ƙara wani ɗan ƙarami a hankali.

Yarinyar ta fashe da dariya da kuka a haɗe. "Na biyun da ludayi ne, ba ya cikin lissafi!"

Minti ashirin suna haka. Na tsaya a waje ina kallonsu ta gilashi, mace tana magana da 'yarta da farce ɗaya. Peculiar ta ce waƙar tana nan, yau ma ta fi kusa.

Laraba, 31 ga Agusta. Da yamma.

Na bi gida-gida da ƙafa, Samaru da Bomo, gobe Sabon Gari. Ba a taɓa ganin magatakarda yana gayyata da kansa ba. Takalmina ya buɗe baki.

Asabar, 3 ga Satumba. Ƙarfe shida na yamma.

An yi taro. Wannan karon da mutane a kan kujerun.

Ashirin da takwas suka zo, yawancinsu 'yan Zumunta da suka taso daga koyon waƙa, sai Akunna, da Callistus, da Amaechi mai taya. Na miƙe na karanta musu abin da suka ce ranar shida ga Agusta, ɗaya bayan ɗaya, na kuma sanar da su cewa a ranar ni kaɗai ne a ɗakin.

Bolanle mai atamfa ta ce, "Malam Dominic, ni ce na yi magana a kan rabon lambobi tsakanin ƙasashe? Ni da ko lambar mijina ban haddace ba?"

Wata daga baya ta ce, "Ke ai kin samu. Ni cewa ya yi na gamsu. Tun da aka haife ni ban taɓa gamsuwa ba."

Amaechi ya ce shi a bar masa tasa, yana so ya nuna wa surukinsa. Aka ce bai isa ba, ya faɗi ta bakinsa. Ya yi tunani ya ce shi dai abin da ya dame shi, in ya kira ɗan'uwansa a Kwatano muryarsa takan dawo masa, yana so a gaya masa inda take zuwa kafin ta dawo. Na rubuta haka.

Da na iso lamba ta goma sha bakwai ba wanda ya yi dariya. Shugabar Zumunta ta miƙe ta ce a cire sunan. Ta ce Clementina ta gama aikinta, mu ne muka hana ta sallama da yarinyar da ta goya, kuma dole a gaya wa Peculiar. Suka yi addu'a. Wata ta ɗauko waƙa, ta kai inda Clementina takan karɓa, ba wanda ya karɓa, suka bar wurin haka.

Na gyara murya domin gabatar da daftarin. Edith ta ce, "Kai rubutu aka ce ka yi." Ta karɓi takardun, tun Litinin suke hannunta, duk ta cika gefensu da fensir. Ta buɗe shafin baƙin ta ɗaga shi kowa ya gani.

Ta ce, "A ɗakin wayarmu akwai wani ɗan maɓalli a gefen hagu, ba rubutu a kansa. In kin tura shi gaba, kina jin masu magana, su ba sa jin ko numfashinki. Ranar da na fara aiki aka nuna mini maɓallai duka, aka tsallake shi. Sau ɗaya na taɓa tura shi, abin da na ji yana cikina har yau, mai maganar kuma ya mutu bai san na ji ba. Ban ce na san abin da ke ƙarƙashin tawadar nan ba. Na dai san irin abin da ake tsallakewa wajen nuni. Saboda haka, na ɗaya, a buɗe shafin nan mu karanta, sannan a tambaye mu. Na biyu, duk wanda zai shiga layin mutane ya yi sallama. Na uku, kada a sake rubuta wa mutum shiru alhali ba a tambaye shi ba. Baban Peculiar, ka samu, ko in maimaita?"

Na samu. Ta yi minti arba'in, ta bi sashe-sashe, har ta gano wuri biyu da daftarin ya saɓa wa kansa. Hannuna ya yi tsami.

Ana shirin tashi Amaechi ya ce, "To Oga Malam, kai fa? Mene ne naka?"

Na buɗe baki. Shafi arba'in da takwas na karanta, da Rumawa da Farisawa a bayana. Na duba ciki ban tarar da komai ba sai jimloli masu kyau da na tanada wa wasu. Suka jira ni. Ruwa ya fara yayyafi, aka watse.

Litinin, 5 ga Satumba. Ƙarfe uku na rana.

Kwamfuta ta huɗu. Na shigar da na kowa yadda ya faɗa, har da na Bolanle da ta ce ita ba ta gane komai ba kuma laifin masu rubutun ne. Na cire sunaye goma sha biyu. Na Edith ya ci shafi huɗu.

Saura layi ɗaya, nawa. Fom ɗin ya ƙi tafiya da shi a buɗe. Sakin layina uku na wancan karon suna nan, masu kyau ne, danna ɗaya kawai suke jira. Ba wanda yake kallona. Edith tana gida, Callistus yana faɗa da firinta. Wuta ba ta ɗauke ba. Na zauna har allon ya yi duhu da kansa sau biyu.

Magatakarda abin da ya faru yake rubutawa. Wannan sabon ilmi ne a wurina, ban so in karya shi tun ranar farko ba. Kuma ban san abin da ƙarya ɗaya za ta yi wa sauran shafukan ba, huɗu daga cikinsu musamman.

Kalmomi biyar, irin waɗanda na rubuta wa Edith. Na aika.

"Mun karɓi ra'ayin jama'arku. An fara aiki da shi."

Lahadi, 11 ga Satumba. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma.

Na ce Edith ta fara karɓa yau. Akunna ta dube ni kamar an canza gwamnati.

"Peculiar."

Ihun da yarinyar ta yi, mai shagon gaba ya leƙo. Edith ta zauna a ƙasan akurkin, da zanin cocinta, ta yi magana har kan wayar ya ɗumama. Ta gaya mata rasuwar Clementina. Suka yi kuka tare. Peculiar ta ce waƙar ta tsaya tun da layi ya shiga, yanzu ba komai a baya sai ƙarar babura.

Daga nan aka miƙo mini. Na gyara tsayuwa na ce, "Peculiar, damina ta yi albarka bana."

"Halo? Mama, ki ba Baba mana."

Na mayar wa Edith. Ba ta tambaye ni abin da na rubuta ba.

Laraba, 14 ga Satumba. Da safe.

Sashe na Bakwai yana nan baƙi. An ce ana nazarin ra'ayoyi.

Lahadi, 18 ga Satumba. Ƙarfe biyar na yamma.

Ta sauka ranar Alhamis. Mace. Uwa da jaririya lafiya.

Peculiar ta ce mijinta ya bar wa kakan yarinya zaɓen suna, kuma a bakina take so ta ji. Edith ta gaya mata muryar Baba tana hutu, ita za ta isar. Ta rufe kan wayar da tafin hannu ta ce, "Me zan ce ka ce?"

Tun Alhamis na shirya jawabi mai sassa uku a kan tarihin raɗin suna. Yana aljihuna. Na ce, "Ki ce Clementina. Ki ce kuma na yi laifi, ita ce aka tsorata a kansa, ta yafe mini."

Edith ta buɗe hannu ta ce, "Babanki ya ce Clementina. Ya ce kuma ya yi laifi, ke ce aka tsorata a kansa, ki yafe masa."

Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ba ta gyara mini jimlar ba ko da yake tana da rauni a tsakiya. Shekara talatin ina magatakarda, ban taɓa ganin an yi aikin haka ba.

Can aka kara jaririyar a waya. Edith ta miƙo mini. Tana ɗan gurnani, ƙasa-ƙasa, daga wata ƙasa. Na sa farce na ƙwanƙwasa sau ɗaya.